Darasi: Ko Mu Shafa wa Bangon Sito Maganin Hana Ruwa?

'Yan'uwa manoma, da an ga hadari ya fara haɗuwa sai tambayar nan ta taso a taron ƙungiya. Kafin mu taɓa kuɗin asusu, bari mu duba yadda ruwa yake shiga bango da yadda yake fita.

Bulo, ko na ƙasa ko jan bulo, yakan sha ruwa kaɗan, in rana ta fito kuma ya bushe. Amma ba ta fuska kaɗai bango yake jiƙa ba. Laima tana hawowa daga tushe, wani ruwan kuma yana bi ta tsaga. In muka rufe bangon ta waje da fentin mai ko kwalta, ruwan nan ba shi da mafita sai ta cikin ɗaki, inda buhunanmu suke. Masara da gyaɗa su yi fumfuna, wata fumfunar kuwa tana da dafi mai lalata hanta.

Shafen siminti a kan bangon ƙasa ma haka yake. Ƙasa tana kumbura da damina, ta tsuke da rani, siminti kuwa ba ya motsi tare da ita. Sai ya tsage, ruwa ya maƙale a bayansa, gara ta sami maɓoya.

Ga abin da za mu yi:

1. Bakin rufi ya zarce bango da kamar santimita 60.
2. Tushen dutse ya tashi kamar santimita 30, a yi wa ruwa hanya nesa da gini.
3. A toshe kowace tsaga tun da rani.
4. Bangon ƙasa a yaɓe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wato katsi da gashin jima da dafara. A fi kula da bangon gabas, gama ta nan ruwa ya fi duka.
5. Jan bulo mai kyau yawanci ba ya bukatar kome. In dole ne, a nemi maganin da yake barin laima ta fita, a shafa lokacin da bango ya bushe sarai.

Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi domin tattaunawa: Ta ina ruwa yake shiga sitonmu? Wane magini ne a garinmu ya iya haɗa laso, domin ya koya wa samarinmu?