Gansakuka da igiyarta

Da damana, in ruwan tabki ya jima bai motsa ba, sai ya yi kore shar. Wannan koren gansakuka ce, wato taron ƙananan halittu waɗanda ba a ganinsu ɗai-ɗai sai da madubin likita. Ɗaya daga cikinsu sunanta Kilamidomonas. Ƙwaya guda ce tak, tana da gashi biyu da take iyo da su. Sai an jera 100 kafin su kai tsawon milimeta 1.

Kamar hatsi da wake, tana haɗa abincinta da hasken rana da ruwa da iskar karbon. Mai kamo mata iskar wani furotin ne da ake ce ma Rubisko. Rubisko yana da nawa, ga kuma ruɗewa: sau da yawa sai ya kamo oksijan maimakon karbon, aiki ya ɓaci. Bayan haka, tafiyar iskar karbon cikin ruwa ta fi tafiyarta cikin sarari jinkiri wajen sau 10.000.

Dabarar gansakuka ita ce ta tara Rubisko wuri ɗaya, cikin wani ɗan curi mai suna firenoyid, ta yi ta tura karbon ciki har ya wadata. To, mi ke riƙe da curin?

A 2016 masu bincike a Amurka suka gano furotin ɗin da ke wannan aiki, suka sa mashi suna EPYC1. Kowane furotin kamar carbi yake, ƴaƴansa iri 20 ne, ana kiransu amino asid. Na EPYC1 sun kai wajen 300. Da aka ba kwamfuta jerinsu, sai ta nuna wani yanki mai ƴaƴa kamar 60 ya maimaitu sau 4. Ta kuma nuna furotin ɗin ba ya dunƙulewa irin na sauran, sako-sako yake kamar igiya. Sai masu binciken suka yi tsammanin igiya ce mai ƙulle-ƙulle, kowane ƙulli ya riƙe Rubisko guda, yadda ake ɗaure awaki da yawa ga igiya ɗaya.

Lissafin kwamfuta kaɗai bai isa shaida ba. An duba gansakukar da ta rasa EPYC1: Rubiskonta ya watse, kuma da ƙyar take girma in karbon ya yi ƙaranci. A 2020 aka tabbatar wuraren riƙon 5 ne.

Hatsi da dawa da masara suna da tasu hanyar tara karbon cikin ganye. Shinkafa da alkama da wake ba su da ita, shi ya sa zafi ke rage masu amfani. Cikin 2020 ɗin, a jami'ar Edinbara, an sa EPYC1 cikin wani ɗan tsiron gwaji, Rubisko kuwa ya taru ya yi curi. Saura hanyoyin tura karbon ciki.

Tambayoyi
1. Mi ya sa gansakuka ke tara Rubisko wuri ɗaya?
2. Mi kwamfuta ta nuna, mi kuma gwaji ya tabbatar?