Darasi: Dawa A Madadin Masara Cikin Abincin Kajin Nama

Ya 'yan'uwa masu kiwon kaji, tambaya ta yi yawa a bakin rumfa: in masara ta yi tsada, shin dawa za ta tsaya a madadinta? Amsa ita ce i, amma da sharuɗɗa huɗu. Ka sani, cikin kilo 100 na abincin kajin nama, hatsi yakan kai kilo 55 zuwa 60. Wanda ya yi kuskure a hatsi, uwar kuɗinsa ya taɓa.

Sharaɗi na farko, irin dawar. Akwai dawa mai bauri. Baurin nan masana suna ce masa tanin, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. In ya shiga cikin kaza sai ya ɗaure abincin gina jiki, ta rage ci, girmanta ya ja baya. Kaura da farfara galibi ba su da wannan aibi, a cikin ja da makuba aka fi samunsa. Amma launi kaɗai ba hujja ba ne. Ka tauna 'yan ƙwayoyi, in bakinka ya ɗaure, bar ta. Ko ka kankare bayan ƙwayar da wuƙa, in ka ga wata fata mai duhu tsakanin ɓawo da farin gari, to nan baurin yake.

Na biyu, lissafi. Ƙarfin dawa mai kyau bai cika kai na masara ba, kamar 95 ne cikin 100. Saboda haka in kilon masara yana naira 100, a misali, dawa sai ta sauko ƙasa da 95 kafin a ce an ci riba. A sikeli za ka gwada, kada ka yi da mudu ko tiya. Gaskiya ne dawa ta ɗan fi masara abincin gina jiki, amma kada wannan ya sa ka rage waken suya. Kajin za su faɗa maka ranar sayarwa.

Na uku, niƙa. Ƙwayar dawa ƙarama ce, takan ratsa rariyar inji ba ta fashe ba. Ka ce wa mai inji barza kake so. In ta zama gari laushi, ƙura za ta yi yawa, kaji su rage ci.

Na huɗu, a bi a hankali. Fara da musanya sulusin masarar, ka duba cinsu da kashinsu mako guda, sannan ka kai rabi. In dawar ba ta da bauri, ana iya musanyawa duka. Sai dai jar masara ce ke sa ƙafa da fatar kaza su yi ruwan ɗorawa. Kazar farfara fari take fitowa, mai saye ya ɗauka ciwo ne, ya karya mata kuɗi. Maganinsa a bar ɗan kason jar masara, ko a zaɓi kaura.

Mu kuma 'yan hatsi, mu ji tsoron Allah. Kada a cakuɗa mai bauri ko mai fumfuna a tsakiyar buhu, a rufe baki da farfara. Mai kaji in ya yi asara sau ɗaya, ba ya komowa rumfarka.

Allah Shi sa albarka a kiwo da ciniki, amin.