Gurɓata mana muhalli tauye haƙƙi ne, kuma kotu na saurare

A aikina na lauya a Jimeta, da zarar damina ta yi nisa sai masu koke su fara sallama: wanda ruwa ya cinye masa gida saboda an gina katanga a kan magudana, da uwar da ake ƙona tayoyi a bayan gidanta har yaranta suka kamu da tari. Kusan dukansu abu ɗaya suke faɗa: "Barista, ai wannan ba maganar kotu ba ce." Maganar kotu ce.

Gaskiya ne Sashe na 20 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa, yana cikin Babi na Biyu, inda ba a shigar da ƙara kai tsaye. Amma Sashe na 33 ya tabbatar wa kowa haƙƙin rayuwa, kuma Sashe na 24 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam, wadda ta zama dokar Najeriya tun 1983, ya ba al'umma haƙƙin zama a muhalli mai kyau. Da waɗannan wani mutum mai suna Jonah Gbemre ya maka kamfanin Shell a kotu, kuma a 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta ce ƙona iskar gas a garinsu tauye haƙƙin rayuwa ne. Har yau ana ƙona gas ɗin, abin takaici, amma hukuncin yana nan. A 2018 kuma Kotun Ƙoli ta amince ƙungiya mai zaman kanta ta kai NNPC ƙara a madadin mutanen da malalar mai ta ɓata wa ruwa.

Mu da muke bakin Binuwai mun ga abin da sakin ruwan madatsar Lagdo ya yi a 2012 da 2022, ga madatsar Dasin Hausa har yanzu ba a gina ba. Wancan babban al'amari ne. Toshe magudana da zuba shara a tafkin Geriyo kuwa a gabanmu ake yi.

Abin da ke kayar da irin wannan ƙara shi ne rashin shaida. Ku ɗauki hoto mai kwanan wata, ku adana katin asibiti, ku rubuta wa hukuma takarda ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana da ofis a Yola, kuma kyauta take karɓar koke. Ku je a matsayin unguwa, kada ku je ɗai-ɗai.