Kimbar Mahalba: A Gane Ta Kafin a Shuka Ta

Iyalin da ke son furen da zai jure zafin Azare zai iske cewa kimbar mahalba tana cikin masu ƙarfin hali. Masana suna kiranta Lantana camara, sunan da Linnaeus ya ba ta a 1753. Asalinta Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne. Kyakkyawa ce, amma tana ɗauke da guba, saboda haka wajibi ne iyaye su san ta sarai.

Yadda ake gane ta

Ganyenta yana da kaushi kamar harshen kyanwa, bakinsa kuma tsaga-tsaga kamar zarto. Ganyaye biyu-biyu suke fitowa, suna fuskantar juna. Idan aka murje ɗaya, sai ƙamshi mai ƙarfi ya tashi. Karanta yana da kusurwa huɗu, sau da yawa da ƙananan ƙayoyi. Furanninta ƙanana ne, a dunƙule suke, suna farawa da ruwan ɗorawa, sa'an nan su juya ja ko ruwan hoda. 'Ya'yanta kore ne tun suna ɗanye, su yi baƙi idan sun nuna.

Yadda ake shuka ta

A ƙasar Katagum damina takan kama daga Yuni zuwa Satumba. A farkonta ne ya fi kyau a yanki reshe mai tsawon taƙi ɗaya, a kafa shi cikin ƙasa mai yashi, inda rana take bugawa sosai. Bayan ta yi saiwa, ruwa kaɗan ya ishe ta a rani.

Abin lura

Ɗanyun 'ya'yanta suna iya sa yaro amai da zawo, har su kai shi ga halaka. Ganyenta kuwa yana lalata hantar shanu, tumaki da awaki. Don haka kada a shuka ta kusa da turke, ko inda yara suke wasa. A riƙa yanke furen da ya bushe kafin ya yi 'ya'ya, gama tsuntsaye suna baza irinta, kuma a wuri mai laima kamar fadamar kogin Jama'are tana iya danne ciyawar kiwo. Idan yaro ya ci, a gaggauta kai shi asibiti tare da reshen, domin ma'aikata su san abin da ya haɗiye.