Na'urar Auna Iskar Jini a Darasin Haske

Malamin fizis a sakandaren Ikara, Kudan ko Makarfi kan taƙaita darasin haske a kan madubi da tabarau, alhali na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin a jini, wadda Takuo Aoyagi na Japan ya gano ƙa'idarta a 1972, ta isa ta nuna yadda abu ke shanye haske. Tana ratsa yatsa da haske iri biyu: ja mai tsawon zango kusan nanomita 660, da na ƙasa da ja, wanda ido ba ya gani, mai 940. Jinin da ya ƙoshi da oksijin ya fi shanye na biyun, wanda ya rasa kuwa ya fi shanye jan, kuma da wannan bambanci take lissafi.

Ya kamata ɗalibai su gwada yatsa mai baƙin lalle da marar lalle, sannan wanda hunturu ya sanyaya da wanda aka murza ya yi ɗumi, duk a inuwa, domin hasken rana na rikita ma'aunin. A kuma ja kunnensu: a kan baƙar fata na'urar kan nuna fiye da gaskiya, saboda haka mai numfashi da ƙyar a kai shi asibiti ko da lambar ta yi kyau.