Nazari: Yadda Ake Tsara Cibiyar Kekuna A Unguwa Da Ribar Da Ke Cikinta

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kuɗin sufuri ya shiga sahun gaba cikin abubuwan da ke cinye albashin ma'aikaci da jarin ƙaramin ɗan kasuwa a Nijeriya. Litar man da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen shekarar 2024 kuma ta zarce Naira 1,000 a garuruwa da dama. Wannan hali ya sa jama'a sun fara waiwayar keke. Sai dai mai keke yana bukatar wurin ajiya mai tsaro, da mai gyara a kusa, da hanyar da zai bi ba tare da fargabar mota ba. Wurin da ya haɗa waɗannan bukatu shi ake kira cibiyar kekuna, kuma shi ne abin da wannan nazari zai duba, musamman ta fuskar mai son zuba jari.

Darasin Ƙasar Holan

Ƙasar Holan, wadda a yau ake buga misali da ita wajen hawan keke, ta taɓa shiga irin wannan matsi. A shekarar 1971 haɗarin mota ya kashe mutane fiye da 3,000 a ƙasar, cikinsu har da yara sama da 400, abin da ya sa iyaye suka fito zanga-zanga. A shekarar 1973 kuma rikicin man fetur na duniya ya tilasta wa gwamnati hana hawan mota a ranakun Lahadi na wani ɗan lokaci. Daga nan ne birane suka dukufa wajen keɓe hanyoyin keke da gina wuraren ajiye shi.

Babban misali a yau shi ne na birnin Utrecht. A shekarar 2019 aka kammala ginin ajiyar kekuna mai hawa uku a jikin babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin, wanda ke ɗaukar kekuna kimanin 12,500. Mutum yana shiga a kan kekensa har kusa da inda zai ajiye, alluna masu aiki da lantarki suna nuna masa layin da ke da sauran gurbi, kuma ba ya biyan ko sisi a sa'o'i 24 na farko. A cikin ginin akwai masu gyara, akwai kuma kekunan haya na kamfanin jiragen ƙasa domin baƙon da ya sauka daga jirgi. A birnin Munster na ƙasar Jamus ma an buɗe irin wannan cibiya a bakin tasha tun a shekarar 1999, mai ɗaukar kekuna fiye da 3,000, inda ake ajiya da gyara da wanki da ba da haya.

Ba wanda zai ce wata unguwa a Nijeriya tana bukatar gini mai wannan girma. Abin ɗauka shi ne ƙa'idojin da aka bi, waɗanda ke aiki ko da cibiyar rumfa ce mai kekuna 50.

Ƙa'ida Ta Farko: Zaɓen Wuri

Mai keke ba ya yarda ya ajiye kekensa nesa da inda za shi, domin idan har zai ƙarasa tafiya mai tsawo a ƙafa, gara ya jingine shi a jikin katanga. Saboda haka ake kafa cibiya a inda mutane suka riga suka saba taruwa, kamar bakin tashar mota, ko ƙofar kasuwa, ko kusa da makaranta, asibiti da sakatariya.

Akwai lissafin da ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe. Mai tafiya a ƙafa yana cin kimanin kilomita 5 a sa'a guda, mai keke kuwa kimanin kilomita 15. Ke nan a cikin minti goma na farkon zai yi kusan mita 800, na biyun kuma kilomita biyu da rabi. Tun da nisan ya ninka sau uku, faɗin yankin da abokan ciniki za su iya fitowa daga cikinsa ya ninka sau tara. Wannan ita ce ribar farko da tasha ko kasuwa ke samu idan aka kafa cibiya a jikinta.

Ƙa'ida Ta Biyu: Hanyar Zuwa

A shekarar 2001, Ministan Sufuri na wancan lokaci, marigayi Cif Ojo Maduekwe, ya yi ta kira ga 'yan Nijeriya da su rungumi keke, har ya riƙa hawa da kansa a Abuja. Wata rana mota ta ture shi a kan hanya, kuma shirin bai yi nisa ba. Kiran ba shi da aibu, amma titunan an yi su ne domin mota kaɗai.

Garin Houten da ke kusa da Utrecht, mai mutane kimanin 50,000, ya nuna yadda ake magance wannan. An kewaye garin da babban titin mota, kuma kowace unguwa daga wannan titi ake shigarta da mota. Mai mota da ke son zuwa unguwar maƙwabta dole ya fita zuwa titin kewayen ya zagayo, alhali mai keke da mai ƙafa suna ratsawa kai tsaye ta tsakiyar gari zuwa tasha da kantuna. Ba a hana kowa mallakar mota ba, an dai sa keke ya fi ta sauri a cikin gari.

A unguwannin Nijeriya, inda an riga an yi gine-gine, ana iya farawa da abin da bai kai haka tsada ba: a zaɓi layuka biyu ko uku da ke kaiwa ga cibiyar, a rufe magudanan ruwa, a sa tudun rage gudun mota da fitilu, a dasa itatuwa masu inuwa irin su darbejiya, sannan a daidaita da masu kasa kaya domin su bar gefen hanya ga masu tafiya. Wannan aiki na ƙaramar hukuma ne da hukumar tsara birane, don haka mai zuba jari ya nemi amincewarsu a rubuce kafin ya kafa ko da tirke ɗaya.

Ƙa'ida Ta Uku: Tsarin Ciki

Keke guda yana cin wuri mai tsawon kusan mita 2 da faɗin santimita 60, kuma gurbin da mota ɗaya ke ci yana ɗaukar kekuna kusan goma. Ana bukatar rufi saboda rana da ruwa, da ƙarafan jingina waɗanda za a iya ɗaure jikin keke a kansu, domin wanda aka ɗaure ta tayar gaba kaɗai ɓarawo yana kwance tayar ya tafi da sauran. Ƙofa ta zama ɗaya, mai gadi yana ganin mai shiga da mai fita, kowane keke a ba shi tikiti, a kuma rubuta lambar da ke jikinsa a littafi. Rumfar mai gyara ta kasance a bakin ƙofa, tare da famfon iska, ruwan sha da wurin zama. Satar keke ɗaya tak tana iya korar abokan ciniki da yawa, saboda haka kuɗin gadi ba wurin tsimi ba ne.

Ƙa'ida Ta Huɗu: Inda Kuɗin Yake

A nan ne masu jari da dama za su iya yin kuskure. Kuɗin ajiya ba ya riƙe cibiya, domin mai keke ya zaɓi keke ne saboda arha, kuma da zarar an tsawwala masa zai koma jingina a waje. Ko a Utrecht, hukumar birni da hukumomin jiragen ƙasa ne suka ɗauki nauyin ginin. Kuɗin shiga na cibiyar unguwa yana fitowa ne daga faci da gyara, da sayar da taya, sarƙa da birki, da hayar kekuna, da kuma hayar shagunan da ke kewaye ga masu shayi, abinci da kayan masarufi. Bugu da ƙari, ana iya ƙulla yarjejeniyar wata-wata da masana'antu da makarantu domin ma'aikatansu da ɗalibansu.

Hayar keke ba baƙuwar sana'a ba ce a ƙasar Hausa, inda aka daɗe ana ba da kekuna irin su Raleigh da Phoenix haya bisa sa'a, kuma jinginar mai haya ita ce sanin gidansa da na mahaifinsa. A babban birni, inda ba kowa aka sani ba, sai a maye gurbin wannan da rajista, katin shaida da mai tsaya wa mutum.

Masu shagunan unguwa su ma suna da rabo. Mai ƙafa da mai keke suna iya tsayawa a ƙofar kowane shago ba tare da neman wurin ajiye mota ba, kuma ko da yake abin da suke saye a tashi ɗaya kaɗan ne, suna dawowa a kai a kai. Wannan ya isa dalilin da zai sa ƙungiyar 'yan kasuwar unguwa ta sa hannun jari a cibiyar.

Matakin Farko

Kafin kashe kuɗi, mai niyya ya sa a ƙidaya kekunan da ake jinginewa a kewayen wurin da ya zaɓa, safe da yamma, har tsawon mako biyu, ya kuma tambayi masu su daga ina suke fitowa da abin da za su iya biya. Daga nan ya fara da rumfar da ta ɗan zarce wannan adadi, ya bar fili domin faɗaɗawa. Idan bayan wata shida gurabe suna cika kafin hantsi, lokacin ƙara jari ya yi. Idan kuwa rabinsu na wuni babu kowa, sai ya sake duba wurin da kuma hanyoyin da ke kaiwa gare shi kafin ya ƙara ko kobo ɗaya.