Kalma Ɗaya, Ciwo Biyu

Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yan'uwa ɗalibai, a makarantar boko tica yakan ce da mu waya "distraction" ce. Sai muka buɗe ƙamus, muka tarar kalmar tana da ma'ana biyu.

Ta farko ita ce abin da ke ɗauke hankalin mutum daga aikin da ke gabansa, kamar kana bitar hadda sai ihun yaran trotro na Zongo Junction ya janye ka. Ta biyu, wadda ta tsufa a bakin Turawa, ita ce gushewar hankali. Samuel Johnson ya sa hauka cikin ma'anoninta a ƙamusunsa na 1755.

Me ya haɗa su? Asalin kalmar Latin ne, ma'anarsa a ja abu nan da can har ya rabu. Tushenta ɗaya da tarakta mai jan garma. Wato in an ja hankali kaɗan ya karkata, in jan ya yi yawa ya tsinke.

Larabci ya dubi abin ta ɗaya gefen. Kalmarmu "hankali" daga "aƙl" ta fito, 'yar'uwar "iƙal", igiyar da ake dabaibaye raƙumi da ita. Hankali kenan abu ne mai son ɗauri.

Amma fiƙihu bai haɗa biyun ba. A littafin Ahalari mun karanta cewa hauka yana warware alwala, kamar suma da maye da barci mai nauyi, shi kuwa rafkanuwa a salla ƙabli ko ba'adi ke gyara ta. Mai taɓin hankali an ɗauke masa alƙalami, haƙƙinsa a kanmu tausayi da magani, ba tsokana da jifa ba. Mai shagala fa? Nasa alƙalamin yana nan yana rubutu.

To, a nan ne abin ya shafe mu. Da yawanmu mun ɗauki waya bayan Isha don sauraron ƙira'a, sai ga mu a TikTok har ƙarfe ɗaya. Da asuba a gaban Malam, shafin jiya ya gudu. Ba mu da uzurin majanuni, da hannunmu muka kwance igiyar.

Shawararmu ga 'yan aji: daga Magariba zuwa Isha a miƙa wa Mma waya ta ajiye. Allah Ya tsare mana hankulanmu, Ya ba marasa lafiya sauƙi. Amin.